Shekarar da Aka Rataye Mile a Tashar Jelovik

Shekara da shekaru Milivoj Jardas ne yake saukar da mu daga ƙauyenmu Jelovik zuwa cikin birnin Rijeka da safe, ya hawo da mu da yamma. Ni a gidan burodi nake aiki a bakin kasuwa, don haka ba wanda ya kai ni sanin ƙeyarsa. Mile muke ce masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga tumbi, ga gashin baki kamar tsohuwar tsintsiya, kuma ko a coci sai matarsa Nevenka ta zungure shi kafin ya cire hular direbobi. Ba shi da fara'a, amma a wancan lokacin ba wanda zai ce maka mugu ne. In ya hango ka a madubi kana gudu zai jira, sai ka shigo ya zage ka. Tsofaffi kuwa a ƙofar gidajensu yake sauke su, ko da babu tasha a wurin.

Haka yake yawancin shekara. Amma da an busa ƙaho a tsakiyar Janairu, an shiga bikin da ake yi kafin azuminmu na Kirista, sai Mile ya zama wani mutum dabam, kuma kowa a ƙauyen ya san dalili.

Ubansa, Baba Vinko, shi ne shugaban masu ƙararrawa na Jelovik har ya tsufa. Mile ya taso a bayansa, ya yafa fatar tumaki, ya ɗaura ƙararrawa a ƙugu, ya sa kan dabba mai ƙaho da jan harshe, ya bi ƙauyuka a ƙafa tare da sauran maza suna korar sanyi. An ce a samarin lokacinsa babu mai ƙarfin ƙugunsa. Sai ya kama aiki a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, wata rana farantin ƙarfe ya suɓuce daga ƙugiya ya same shi a baya. Ya tashi, amma likita ya ce shi da ɗaukar nauyi har abada. Ta haka ya koma tuƙi.

Ba a daɗe ba Baba Vinko ya rasu. Da biki ya zo, uwar Mile ta ɗauko ƙararrawar marigayin, wadda ta fi kowace amo a yankin, ta ba Berto, ɗan ƙanin mijinta, aron shekara ɗaya. Berto mahauci ne, dogo, mai surutu, irin mutanen da ko zagi suka yi sai a yi dariya. Shekara ta wuce, wata ta wuce, Berto ya zama shugaba, ƙararrawa ba ta dawo ba.

Sau ɗaya Mile ya tambaya, a mashaya, a gaban mutane.

"Berto, ƙararrawar tsohona fa?"

"Ka ɗaura ta a ina, Mile? A wuya kamar saniya?" Mutane suka fashe da dariya. Berto ya dafa kafaɗarsa. "Haba ɗan'uwa, ƙararrawa ai ta mai tafiya ce. Kai kuwa yanzu a zaune kake cin abinci."

Mile ya ture hannun, ya fita bai ƙarasa abin da ke kofinsa ba. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Hanyarmu ƙunci gare ta, dutse a hagu, kwari a dama. In masu ƙararrawa suka fito ranar Asabar ko Lahadi, tsakiyarta suke bi, bas kuwa sai dai ta rarrafa a bayansu. Berto ya san wane ne a sitiyari. Sai ya bar gaban ayari ya dawo can baya, daidai gaban gilashi, yana karkaɗa ƙugu, ƙararrawar Baba Vinko tana kuka a fuskar ɗansa. Mile ya danna hon, su kuma su ƙara rage tafiya. Mu da muke ciki mu makara, mu sha faɗan masu gida, ba ruwan kowa.

Ga kuma matasa masu sauka gari kallon ayarin birni. Wannan ya yi shigar ƙudan zuma, wancan ta limamin coci, wata ta shiga cikin kwali ta ce ita firji ce. Su cika bas da waƙa da tsamin giya, su watsa yayin takarda a kan kowa, a dawowa wani ya yi amai a ƙarƙashin kujera. Mile ne mai wankewa. Sai ya kafa doka tasa ta kansa: wanda ya rufe fuska ba zai hau ba.

"Cire wannan abin."

"Baba Mile, ni ne fa, ɗan Ružica."

"Ban san Ružica ta haifi alade ba. Cire, ko ka bi ni a ƙafa."

Mai firji kuwa da ta maƙale a ƙofa, ce mata ya yi kamfani bai ba shi izinin ɗaukar kayan ɗaki ba, ya rufe ƙofa ya bar ta tana kuka a cikin kwalinta. Ana jin haushinsa, amma ana shanyewa. Da an ƙone Pust, mutum-mutumin bikin, ranar Larabar toka da ake fara azumi, biki ya ƙare, sai ya koma Milen da muka sani.

Abin ya ɓaci ne wata Asabar a Fabrairu. Ina cikin bas, muna hawowa da la'asar, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga iska mai yanka kunne. A tashar wani ƙauye da ke ƙasanmu muka tarar da masu ƙararrawa a tsaye, su duka, sun jiƙe sharkaf. Motar da suka yi da ita za ta kwaso su ta lalace a hanya. Kawunan dabbobin suna hannunsu, fatun tumakin suna ɗiga. A cikinsu har da Baba Frane, abokin marigayi Vinko, wanda ya haura saba'in amma ya ƙi ajiye ƙararrawa.

Mile ya tsaya, ya buɗe ƙofa don wata mata mai lema ta shigo. Berto ya sa ƙafa a matakala.

"Sauke ƙafarka," in ji Mile.

"Wasa kake yi."

"Bara kun yaga mini kujeru, ƙararrawar ɗayanku ta fasa wa mace leɓe. Wannan bas ce ta mutane. Tumaki su nemi tasu."

"Mile, dubi ruwan nan. Ka dubi tsohon nan yadda yake rawar sanyi."

"Ba kai ka ce ƙararrawa ta mai tafiya ce ba? To bismilla, ga hanya."

Goggo Marica, tsohuwar da ke zaune a kujerar gaba kullum, ta ce, "Milivoj, ka ji tsoron Allah. Ko Frane ka ɗauka."

Na ga ya kalli Baba Frane. Ina jin da tsohon ya matso da ya bar shi ya hau. Amma Frane ya ɗaga haɓa ya ce shi ba ya barin 'yan'uwansa, ya kuma ce da Vinko yana raye da ya tsine wa ɗan da ya haifa. Mile ya danna ƙofa. Ta kusa kama ƙafar Berto. Muka bar su suna dukan jikin bas da kulake.

Muka isa Jelovik. Da Goggo Marica za ta sauka ta tofar da yawu a gefen sitiyari.

Da ƙafa suka hawo. Baba Frane ya kwanta da ciwon huhu, aka kai shi asibiti, ya yi makonni. Bai mutu ba, amma ya dawo da sanda, bai sake bin ayari ba. 'Ya'yansa mata suka kai ƙara kamfani. Kamfani ya ce direba yana da ikon ƙin ɗaukar wanda ya bugu ko yake riƙe da makami, magana ta mutu a can. A ƙauye kuwa a lokacin ta fara.

Aka daina gaishe shi. Mutum zai shigo ya nuna katinsa yana kallon taga. Nevenka, wadda ba ta taɓa saɓa wa ko kaza ba, in ta shiga kanti sai hira ta tsaya cak. 'Yarsu Tajana ta daina hawa bas ɗin ubanta, ta gwammace ta roƙi masu ƙananan motoci. Mile bai nemi sulhu ba. Da limamin coci ya je masa da maganar ya gaida Frane a gida, ce masa ya yi ya fara zuwa mahauta ya karɓo masa kayan ubansa tukuna.

Shi ma sai ya rama ta inda yake da iko. Ya daina jiran kowa. Na taɓa kai hannu jikin ƙofa, ina haki, yana kallona ta madubi ya ja mota. Ya daina sauke tsofaffi a ƙofar gida. Goggo Marica da jakunkunanta sai ya wuce da ita har tasha, ta dawo da ƙafa.

"Milivoj, ga gidana ya wuce!"

"Ban ga allon tasha ba, Goggo."

"Allah ya karya maka sauran bayan."

"Amin. Ki riƙe ƙarfe, akwai kwana."

Haka muka ci wannan shekarar. Da Janairu ya zagayo aka busa ƙaho, matasa suka fito da Pust, mutum-mutumin ciyawa da ake ɗora wa laifin duk abin da ya lalace a shekara, a rataye shi har ƙarshen biki, a yi masa shari'a a ƙone shi. Da can ɗan siyasa ake yi, ko mai karɓar haraji, ko tsadar rayuwa. A kan sandar da ke gaban mashaya kuma ake rataye shi. A wannan shekarar sai aka kai shi kan sandar fitilar tasha, daidai inda bas take juyawa.

Da safe na fito na tarar da mutane sun yi cirko-cirko suna ƙunshe dariya. Na ɗaga kai. Gajere, an cusa masa matashi a ciki, gashin baki na tsintsiya, hular direbobi, sitiyarin kwali a hannu. An ma lanƙwasa masa baya. Ba a rubuta suna ba, ba a kuma buƙata.

Bas ta iso. Mile ya juya ta, ya tsaya, ƙafafun abin suna lilo a saman gilashinsa. Ya daɗe yana kallo. Wuyansa ya yi ja har kunne. Sai ya buɗe ƙofa ya ce, "Mai tafiya ya shigo."

Makonni yana wucewa ƙarƙashin kansa, safe da rana da yamma. Iska ta kaɗa abin, takalmansa su daki rufin bas. 'Yan mashaya su fito da kofuna a hannu su ɗaga wa na sama gaisuwa: "Barka da aiki, direba! Yau za ka ɗauke mu?" Nevenka ta je wurin Berto a mahauta da kanta, ta roƙe shi ko hular a cire. Ya ce mata, yana sarar ƙashi, shi bai san wanda take nufi ba, Pust ai Pust ne, in wani ya ga kama to tsakaninsa da madubinsa. Ta dawo gida ta rufe tagogi, ba ta soya ko ƙwallon fulawa ɗaya ba a bikin nan, ita da a da masu ƙararrawa suke rububin tsayawa a ƙofarta saboda suyarta.

Ranar Talatar ƙarshe, jajibirin ƙonawa, na fito hawa bas ɗin safe na ga sandar fitila wayam, sai guntun igiya. Na shiga. Ga Pust a zaune a kujerar gaba, ta Goggo Marica, an ɗaure shi da igiya a jikin ƙarfe, an gyara masa hula.

"Mile, mene ne wannan?"

"Fasinja ne, Slavica. Shi kaɗai ne a garin nan bai taɓa zagina ba. Wuce ciki."

Goggo Marica ta shigo, ta ga wanda ya gaje mata wuri, ta yi alamar gicciye.

"Ka haukace. Ka san abin da ka taɓa kuwa? Tun kakanninmu ba a taɓa sauke shi kafin ranarsa ba."

"Tun kakanninmu an taɓa rataye ɗan gari?"

Ta zauna a baya tana gunaguni.

Wuni guda ya yi yana yawo da shi, gari da ƙauye. A Rijeka mutane suka ɗauka wasan biki ne, har ana ɗaukar hoto. A Jelovik kuwa kafin azahar labari ya kai mahauta.

Na hau ta la'asar zuwa gida. Bas cike, ma'aikata da 'yan makaranta da Goggo Marica da ta dawo daga ganin likita. Muna shan kwanar ƙarshe kafin ƙauye, inda hanya ta fi matsewa, muka gan su. Sun tare hanya daga dutse zuwa bakin kwari, cikin cikakkiyar shiga, kawunan dabbobi a rufe. Mile ya taka birki. Suka zagaye bas, suka juya mana baya, suka fara kaɗawa gaba ɗaya.

Wanda bai taɓa zama a cikin akwatin ƙarfe maza sama da ashirin suna kaɗa ƙararrawa a jikinsa ba, ba zai gane ba. Haƙorana suka riƙa amsawa. Jariri ya tsala ihu, ba a ma jin sa, sai dai a ga bakinsa a buɗe. Mile ya kashe mota, ya naɗe hannu a ƙirji.

Da suka tsagaita, Berto ya ɗaga kan dabbarsa ya zo jikin tagar direba.

"Miƙo shi."

"Ya biya kuɗin mota har tasha."

"Mile, kada ka sa in shigo."

"Ka shigo mana. Ai ka saba ɗaukar abin da ba naka ba."

Daga ciki fasinjoji suka taso masa. Wani ya ce a buɗe su sauka. Uwar jaririn tana kuka tana cewa ita ba 'yar garin ba ce ma, me ya haɗa ta da haukansu. Ni kaina na ce, "Mile, don girman Allah ka ba su tsummansu mu tafi gida, tun asuba nake tsaye." Ya ce in ya buɗe ƙofa za su shigo, don haka kowa ya zauna. Goggo Marica ta riƙa dukan bayan kujerarsa da lema.

Berto ya ɗaga kulki ya sauke a kan madubin gefe. Gilashi ya tarwatse.

Mile ya miƙe a hankali. Ya kwance Pust, ya rungume shi, ya buɗe ƙofa ya sauka. Suka ja baya kaɗan, suna zaton miƙawa zai yi. Sai ya nufi bakin kwari da shi. Berto ya gane, ya cafko ƙafar abin. Suka shiga ja, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, manyan maza masu furfura, ciyawa tana zuba a titi. Hannu ɗaya ya cire. Mile ya saki, ya kai wa Berto naushi a baki, sannan ya kama igiyar ƙararrawar da ke ƙugunsa ya fizga da iya ƙarfinsa.

Bayansa ne ya amsa. Na ji ƙarar da ya yi daga cikin bas. Ya durƙusa, ya kife a kan kwalta, ya kasa ko juyawa.

Berto yana tsaye, jini a haɓarsa, ya dube shi. Wani daga cikin matasan ya sunkuya zai ɗaga shi.

"Kada wanda ya taɓa ni," in ji Mile, fuskarsa a ƙasa. "Wallahi wanda ya taɓa ni sai na cije shi."

Suka kuwa bar shi. Suka tattara Pust da guntun hannunsa suka hau ƙauye. Fasinjoji suka sauka suka bi su a ƙafa, kowa yana ratse shi. Ni da uwar jaririn muka tsaya har motar asibiti ta zo, na lulluɓa masa rigar sanyina. Bai ce na gode ba. Abin da ya ce kawai, in cire makulli daga mota kada 'yan iska su taɓa.

Washegari aka ɗinke hannun Pust, aka yi shari'a a dandali kamar kullum. Berto, da kumburarren leɓe, shi ya karanta laifuffuka: ya bar tsoho a ruwa, ya wuce da tsohuwa gidanta, ya saci kansa da kansa. Aka yi ta shewa. Tajana tana tsaye a bayan taro har aka cinna wuta, hular ta kama. Ta juya ta tafi, a makon ta kwashe kayanta ta koma wurin wata ƙawarta a gari.

Mile ya yi watanni a kwance. 'Yan sanda suka zo suka yi tambayoyi, aka rasa wanda ya ga mai fasa madubi. Kamfani kuwa ya ce ɗaukar mutum-mutumi da kulle fasinjoji a mota ba aikin direba ba ne. Ba su kore shi ba saboda daɗewarsa, amma suka cire shi daga hanyarmu suka mai da shi layukan cikin gari. Kafin kaka ya sa gidan ubansa a kasuwa. Berto ya aiko a tambayi farashi. Mile ya ce gara ya ƙone shi. Ya sayar wa wasu baƙi da ba sa zuwa sai da bazara, ya kama ɗaki a wani dogon bene a Rijeka. Ranar da suka tashi Nevenka ce kaɗai ta bi gida-gida tana sallama, wasu suka buɗe, wasu suka ƙi.

Aka kawo mana wani direba, daga baya wani, daga baya ma ba ma riƙe sunayensu. Ba mai jira, ba mai sauke kowa a ƙofar gida, kuma in ka zage su ba su san uwarka ba balle su rama. Da kamfani ya rage yawan zuwan bas Jelovik, a mashaya aka ce Mile ne ya kai mu ƙara. Ban sani ba ko gaskiya ne. Zai iya.

A gari kuwa bikin ya fi na ƙauye girma. A rufe manyan tituna, a karkatar da motoci ta lunguna, dubban mutane da fenti a fuska su danno tasha. Abokan aikinsa sun ce kowace shekara yana neman hutu a wannan makon, ba a cika ba shi ba. Sau biyu aka kai ƙararsa don ya sauke mutane a tsakiyar hanya. A haka ya kai ritaya.

Na sake ganinsa bayan shekaru, ranar wata Asabar ta biki. Na shiga bas a gari, ga shi a kujerar naƙasassu da sanda tsakanin ƙafafu, ya rame, gashin bakin ya yi fari fat. Wasu 'yan mata da suka yi shigar kuliyoyi sun kewaye shi suna waƙa, yayin takarda duk a kafaɗarsa.

"Mile."

Ya ɗago. "Slavica. Har yanzu kina makara?"

"Na yi ritaya."

"Wa ya mutu a can?"

Na lissafa masa. Goggo Marica, Baba Frane, mai mashaya. Na ce Berto kuma ɓarin jikinsa ya shanye, a kujera yake wuni, ba ya iya magana sosai.

"To, ƙauye ya huta da surutu," in ji shi.

"Ɗan'uwanka ne fa. Ba za ka je ba?"

"Da wace motar? Na ji an ce ta ragu."

Ɗaya daga cikin 'yan matan ta sunkuyo za ta ɗora masa kunnen kyanwa na roba a ka. Ya kaɗe hannunta da sanda, ya zage ta tas da ita da wanda ya haife ta, har direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Baba, a yi haƙuri, biki ne." Mile ya ce masa ya kalli hanya, ya kuma daina taka birki kamar mai taka kyankyaso. A tasha ta gaba ya sauka, bai yi mini sallama ba.

Nevenka kuwa takan zo. Kowane biki, ranar da ayarin Jelovik zai zagaya gidaje, takan hau bas ita kaɗai da jakar fulawa da zabibi, ta sauka gidan ƙanwarta, ta wuni a gaban kasko tana suya. Masu ƙararrawa su tsaya a ƙofa su ci, yawancinsu yaran da ba su san komai a kan wancan rikici ba. Ce wa Mile take yi za ta ganin likitan ido.

Na tambaye ta ko bai taɓa ganewa ba.

"Haba Slavica, mutumin da yake jin warin giya daga kujerar ƙarshe? Ina shiga yake jin ƙaurin mai a gashina." Ta juya ƙwallayen da ke cikin kasko. "Ba ya cewa komai. Sai dai ya ƙi cin abincina kwana biyu, ya buɗe kifin gwangwani ya ci a tsaye. Miƙo mini sukarin can."